Dekire Na Bakwai da Kaskon Sakinatu

"...Lahiya lau. Ya gajiya? Ya mulki? Talakawa dai sun kwana da rai?"

"Sun kwana lahiya, in ban da guda da ta kwana da taurin kai."

Sakinatu ce ke gaisuwar, tana duƙe gaban kaskon ƙosai, ko kai ba ta ɗaga ba. Wanda take gaidawa kuwa Na-Allah ne, taubashinta, ɗan gwaggonta, wanda wata uku ke nan da 'yan albasan kassuwar Malanville sunka zaɓe shi shugaban rumfarsu.

Tun ranar mutumin ga bai sake tahiya irin ta mutane ba. Hularshi ta ƙara tsawo da taƙi guda. Duk ran Laraba shina manne da rediyo, shina sauraren abin da taron ministoci yat tsaida can Kutonu: an naɗa wane, an tuɓe wane, an hana kaza, duk da sa hannun shugaban ƙasa. Abin da ake ce ma dekire ke nan. Abin ya shiga ran Na-Allah har ɓargo. Yat tahi wurin masu sassaƙa roba, yas sa anka yi mishi hatimi mai faɗin murfin kwano, da zanen albasa a tsakiya, yaɗ ɗaura mishi igiya yar rataya a wuya. Maƙwabta sun rantse da shi yake wanka.

To jiya Laraba anka manna takarda jikin ginshiƙin da Sakinatu ke jingina da shi, shekara goma sha bakwai, tana suya a bakin rumfa. Sa'idu mai kabu-kabu yak karanta mata. Dekire ne mai lamba bakwai: an hana hura wuta cikin harabar rumfar albasa, mai kasko ta kwashe ta koma bayan rumfa kamin Juma'a. Bayan rumfa kuwa can ake zubda ruɓaɓɓar albasa. Ba mai bi ta nan sai jakai da ƙudaje, kuma cikin biyun ba a taɓa jin wanda yas sayi ƙosai ba.

"Matso inuwa, bawana," in ji Sakinatu, "kada rana ta narkar da gwamnati."

"Wane ne bawanki? Firzidan za ki ce."

"Ɗan mace kake, ni ɗiyar namiji. Uwarka daga gidanmu anka ɗauke ta, da tabarmarmu da ƙwaryarmu. Ko Kutonu sunka kira ka sunka ba ka babbar kujera, in ka gan ni da itace sai ka sauko ka ɗaukar mini."

"Tsohon tsari ne wancan. Na soke shi."

"Da wane dekire?"

"Shina hanya. Ke dai, kin ga takarda?"

"Wace cikinsu? Ai duk ta hannuna sunka bi. Ta farko, wadda tac ce a riƙa ce maka Firzidan, Dogo direba niƙ ƙunsa ma ƙosai da ita, yanzu haka tana Gaya, ƙetaren kogi. Ta biyu, wadda kah hana awaki shiga rumfa, akuya ce tac cinye ta ina kallo, kuma har yau ba ta yi ciwon ciki ba. Ta uku ka naɗa ƙanen matarka ministan awo. Ta huɗu ka tuɓe shi. Ta biyar ka sake naɗa shi, da aka kwana biyu ba a ɗora tukunya gidanka ba. Ta shida na manta mi tac ce, amma takarda ce mai kyau, tana shan mai."

"Inna lillahi! Takardun hukuma kike ƙunsa ƙosai da su?"

"In ba don ni ba wa zai karanta su? Jikin ginshiƙi ba mai dubawa. Amma wanda yac cinye ƙosai dole shi juya takarda shi ga ko akwai saura. Ni ce jaridar gwamnatinka, Na-Allah. Kamata yay yi ka ba ni mota da direba."

"Ta bakwai dai ba ta ƙunsawa ba ce. Gobe Juma'a."

Sakinatu taj juya ƙosan da ke cikin mai ɗaya bayan ɗaya. Dariya na bakinta, amma ƙirjinta ba dariya yake ba. Da kaskon ga ta aurar da ɗiya biyu. Da shi gida ke ci tun da ƙafar mijinta tah hana shi shiga kwale-kwale. In an maida ta bayan rumfa, ta san sati guda ba za ta yi ba sai ta kife kaskon.

"To Firzidan, mi wutata tay yi ma albasarku?"

"Hayaƙi. Zafi. Albasa na gumi, tana ruɓewa. Maslahar jama'a ce."

"Shekara goma sha bakwai albasa ba ta yi gumi ba sai da kah hau mulki? To ai kai ne zafin."

"Masana sun yi bincike."

"Su wa?"

"Ni da Mamudu."

Mamudu shi ne sakataren rumfa. Binciken da aka san shi da shi guda ne, na gano lokacin da ƙosai ke hita daga mai, kuma bai taɓa kuskure ba.

"Mi yah hana ka tara mutane?" in ji Sakinatu. "Ku arba'in da biyu ne a rumfar ga, kuna da taro duk farkon wata. Ka kai maganar gabansu mana, a ɗaga hannu."

Na-Allah yay yi murmushin wanda anka raɗa ma sirrin duniya, yag gyara zaman hula.

"Ke ba ki san mulki ba. Majalisar da kowane ɗan cikinta ke karya kumallo da ƙosanki? In nic ce masu goyon bayan Sakinatu su ɗaga hannu, hannu arba'in da ɗaya zai tashi, duk suna nason manki. Kin saye majalisa ta ciki. Bari in koya miki, kyauta. Abin da kas san majalisa na so, shi kake kai mata, a yi tafi, a ɗauki hoto. Wanda kas san ba ta so, sai ka bari ran Laraba, ka rufe ƙofa, ka buga hatimi. In an tada surutu ka ce gaggawa ce, ƙasa na cikin haɗari."

"Wane haɗari?"

"Ruɓewa."

"Can sama ma haka suke yi?"

"Ban ce ba, ban kama suna ba. Rediyo kawai nike ji, ina ƙara ilimi."

"To ni ma kunne gare ni. Na ji dekire ba shi tsayawa sai ministan da abin yash shafa ya sa hannu ƙasan na shugaba."

"Mamudu ya sa. Duba ki gani."

Sakinatu tam miƙe, taɓ ɓamɓaro takardar daga ginshiƙi, taɗ ɗaga ta wajen rana.

"Ga hannun Mamudu kuwa, kamar kaza ta bi ta kan tawada. Amma wanga fa na gefe? Yatsu uku ɓaro-ɓaro, rana na wucewa ta ciki. Man gyaɗata ne wanga, ko a lahira nig gan shi na san shi. Ministanka ya ci ƙosaina, ko hannu bai wanke ba ya sa hannu a kore ni!"

"Gwamnati ba ta da hurumi cikin abin da minista ke ci. Ba ni takardata."

Yad duƙo zai karɓe. Duƙowar da zai yi, hatimi yal lilo daga wuyanshi yaz zo daidai hancinta. Sakinatu ba ta yi shawara da kowa ba. Tac cafke, taj ja sama, igiya tah hita ta kai, hula tat tuntsura tab bi gangare kamar ita ma ta gaji da mulkin.

Kowa a garin ga ya sani, abin da taubashi yaw warce a hannun taubashi ba a kai ƙara, ba a ɓata rai. Wanda yay yi fushi ya zama abin dariyar dangi har jikokinshi. 'Yan dako da ke loda kamiyo, babbar motar kaya, sunka aje buhuna. Masu kabu-kabu sunka kashe mashin. Har wani mai rago ya tsaya, shi da ragon duka suna kallo.

"Juyin mulki!" in ji Na-Allah, hannu guda bisa sanƙo. "Jama'a ku shaida! A kira jandarma!"

"Kira su. Ka ce musu ɗiyar kawunka ta ƙwace maka roba. Su ma suna da taubasai a gida, sai su ba ka kujera su ba ka haƙuri."

Tah hura ma hatimin iska, tak kama hannunshi, tab buga mishi a bayan hannu. Albasa tah hito raɗau.

"Sabuwar gwamnati na magana. Dekire na ɗaya: Na-Allah ya koma bawa, da ma bai hita ba. Na biyu: an hana shi doguwar hula, tana tare ma jama'a iska. Na uku: rumfar albasa ta kwashe ta koma bayan kaskona kamin Juma'a, warinta na sa ƙosaina kuka."

"Ba shi aiki! Ba a zaɓe ki ba!"

"Kai an zaɓe ka ka tsare awo da layin kamiyo. Wa yaz zaɓe ka ka tashi mutane? Hatimi dai ke magana, ko ba haka kac ce ba? To ga shi hannuna."

"Ba ni kayana, ke mai idon mujiya. Tun muna yara haka kike, ko rake nis saya sai kin ɗauke gindin kin bar mini kai."

"Kai ma tun muna yara kake son sarauta. Ba kai ne kan naɗa kanka sarkin kaji a gidanmu ba, zakara yak kore ka har bakin kogi?"

"Zakaran mahaukaci ne, kowa ya sani."

"Ɗan adawa ne dai."

Tar riƙe igiyar da yatsu biyu, tas sako hatimin shina reto bisa man da ke tafasa.

"Roba ce, ko? Ban taɓa soya gwamnati ba. Ko tana kumbura kamar ƙosai?"

"Sakinatu! Don girman kabarin kawu!"

"Ka tuna da kawu yanzu? To zaɓi. Ko suya, ko kotu. Na ji ko mai tallan goro na iya rubuta ma kotun tsarin mulki takarda, in shugaba ya wuce iyaka a ce mishi koma baya. Ni ba sai na rubuta ba. Sa'idu, tada mashin! Garou za mu, wurin Gwaggo Mariama."

Gwaggo Mariama ita ce uwar Na-Allah. Ta wuce tamanin, amma sandarta ba ta wuce goma sha takwas ba. Hukuncinta ba a ɗaukaka ƙara, don mai ƙarar ba shi samun damar tsayawa wuri ɗaya. Bara waccan ma an gan ta ta biyo ɗan nata cikin gonar shinkafa, shi da furfurarshi, babbar riga a hannu.

"Ki bar tsohuwa, ba ta jin daɗin jiki."

"Jiya anka gan ta tana korar shanu daga gona. Shanun ne ba su jin daɗin jiki. Zan ce mata ɗanta ya kori ɗiyar ɗan'uwanta, ya ce ta je ta zauna da ƙudaje. Sa'idu, ka bar wuri bisa mashin, da alƙali za mu dawo."

Iskar kogi ta kwaso hayaƙin kasko ta watsa ma Na-Allah a fuska, kuma Sakinatu tal lura da wani abu. Idonshi ba ga hatimi yake ba. Ga matsami yake, inda ƙosai ke tsane mai, ja-ja, suna tururi. Maƙogwaronshi na hawa shina sauka kamar guga a rijiya.

Sai lissafin kwanaki yaz zo mata. Mutumin da kullum sahe sai ya warci uku daga tirenta, ya ce hakkin taubashi ne, ya cika baki ya wuce shina zaginta, yau sati uku bai miƙo hannu ba. Ga riga ta yi mishi yawa a kafaɗa. Taj janye hatimin daga kan mai, tar rage murya.

"Na-Allah. Dube ni. Sati uku ba ka saci ƙosaina ba. Mi yas same ka?"

"Shugaba ba shi sata."

"Bar wannan. Mi yas same ka?"

Yad duba dama, yad duba hagu, yam matso har gemunshi na neman shiga yaji.

"Lokotoro ne, likitan asibiti. Ya ɗaura mini abin nan a dantse, ya matsa, ya duba, ya sake dubawa, yak kira wani shi ma ya duba. Wai jinina ya hau, ya wuce tsayin gadar Gaya. Ba mai, ba gishiri, ba soye. Matata Ummul-Khairi kuma ta riƙe maganar kamar dokar soja. Abin da take ba ni yanzu, in an ba akuya sai ta kai ƙara."

"To mi yah haɗa wannan da wutata?"

"Teburina taku biyar ne da kaskonki! Tun sahe iska ke kwaso ƙanshin ga tana ɗura mini a hanci. Mai saye na magana, ina kallon bakinshi ina ganin ƙosai. Shekaranjiya wani alhaji daga Parakou yat tambayi buhu, nic ce mishi a sa yaji? In kin ƙara sati guda nan, wallahi sai na afka ma tiren ga gaba ɗaya, a ɗauke ni a amalanke."

Sakinatu tad dube shi da kyau. Wannan ciwon ne yak kada uban Na-Allah cikin kassuwar ga, tsakanin buhu da buhu, bai sake magana ba. Tana nan ranar. Amma tsakanin taubasai tausayi a bainar jama'a zagi ne, don haka tah haɗiye shi, tam murtuke fuska.

"Ashe ƙasar da ke cikin haɗari cikinka ce," tar raɗa mishi. "Maslahar jama'a duk a maƙogwaronka take. Mutum arba'in da biyu, da kamiyo, da masana, da minista, duk don Firzidan ya kasa riƙe miyau."

"Rufa mini asiri. In Harouna, abokin takarata, yaj ji ba ni da lahiya, yau zai kai ɗinkin hula. Tun ranar zaɓe yake auna kujerata da ido."

"Ba ka iya zuwa ka ce, Sakinatu ga halin da nike ciki?"

"In ce miki? Da azahar ba ta yi ba an ji a Gaya."

"Da an ji, gaskiya. To soke dekire, in rufe bakina."

"Ba a sokewa. Gwamnatin da tab buga doka ran Laraba tas soke ran Alhamis, ran Juma'a ko jaki ba shi matsa mata a hanya."

"To a soya."

"Tsaya! Ba a sokewa nic ce, ban ce ba a yin wani ba. Ba ni hatimi."

"Faɗi tukuna, mu ji."

Na-Allah yat tahi yaɗ ɗauko hularshi, yak kakkaɓe, yaɗ ɗora. Yaj juyo wajen jama'a, yay yi gyaran murya irin wanda ke tada tattabaru.

"Dekire mai lamba takwas! Sashe na ɗaya: dekire na bakwai shina nan daram, ba a taɓa ko ɗigo ba. Ba wuta cikin harabar rumfar albasa."

"Sa'idu, miƙo mini matsami, in soya hatimin ga," in ji Sakinatu.

"Ki bari in ƙare! Sashe na biyu: bayan dogon nazari, masana sun gano an yi kuskuren awo tun zamanin kakanni. Harabar rumfa ba ta kai ginshiƙin ga ba. Nan tat tsaya."

Yas sa ƙafa yaj ja layi cikin rairayi, taku biyu kamin murhun Sakinatu, tun daga bakin hanya har jikin buhuna.

"Daga layin ga zuwa can, ƙasar waje ce. Abin da ke faruwa a ƙasar waje ba ruwanmu, mu ba mu shiga harkokin cikin gidan maƙwabta."

'Yan dako sunka kwashe da ihu. Dogo direba, da dawowarshi ke nan daga Gaya, yad danna ƙahon kamiyo har sau uku bai ma san mi ake yi ba.

"Sashe na uku: fadar shugaba ta tashi daga nan, ta koma ƙarshen rumfa, ta wajen kogi, saboda dalilan tsaro."

Jama'a sunka gyaɗa kai, don dalilan tsaro ba a tambayarsu. Sakinatu kaɗai ta san daga can iska ke tasowa, ƙanshi ba shi iya komawa baya.

"A rubuta," tac ce. "Maganar gwamnati ta baki, ko kare ba shi kwanciya a kanta. Mamudu, rubuta. Amma wanke hannu."

Mamudu yah hito daga bayan buhunan da yake ɓoye tun farkon rikici, yag goge hannu a wando, yar rubuta bisa gwiwa. Na-Allah yas sa hannu. Sakinatu da kanta tad dangwali tawada, tab buga hatimin da ƙarfin da sai da Mamudu yay yi ƙara. Sannan tar rataya ma Na-Allah kayanshi a wuya, taj ja igiyar kaɗan fiye da yadda ya kamata.

Yat taka yak koma nashi gefen layi, yas sunkuci kujerarshi. Har ya juya, sai yat tsaya.

"Af, na manta. Tunda yanzu ke ƙasar waje ce, duk abin da zai ƙetare iyakar ga shi shigo rumfa sai ya biya haraji. Ƙosai uku kullum, a hannun shugaba."

Sakinatu tad dube shi sama da ƙasa. Tat tona tire taz zaɓo ƙaramin da yaf fi kowane ƙanƙanta, irin wanda ke ɗiga daga ludayi ba da niyya ba. Tar raba shi biyu, taj jefa babban ɓarin a bakinta. Ɗaya ɓarin tam matse shi cikin tsumma har ya bushe kamar tsohon takalmi, ba yaji ba gishiri, tam miƙa mishi ta saman layi.

"Ga harajin shekara guda. In kas sake tambaya, jakadana zai je wurin Ummul-Khairi."

Na-Allah yak karɓa da hannu biyu. Yad dube shi, yas sunsuna har sai da idonshi yak kawo ruwa, sannan dariya tak kubce mishi, kafaɗa na rawa, hatimi na tsalle bisa ƙirji.

"Ban taɓa ganin ƙasa mai rowa irin taki ba. Kin ci, Sakinatu. Wallahi kin ci."

Yas sa ɓarin a baki, yaɗ ɗora kujera bisa hula, yan nufi ƙarshen rumfa shina tauna a hankali, don kada shi ƙare kamin shi isa.